Hanyar Inka, Salkantay ko Choquequirao: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Neman Kufai da Tarihi?

Duk wanda ya ƙudura niyyar zuwa ƙasar Peru domin ya taka da ƙafarsa ya ga abin da daular Inka ta bari a tsaunukan Andis, da ya sauka birnin Kusko zai tarar da kamfanonin yawon buɗe ido suna tallar hanyoyi iri-iri, kowacce da hoton tsauni mai ƙanƙara da ginin dutse a jikin takardarta. Hotunan kan sa mutum ya ɗauka duk abu ɗaya ne, alhali kuwa bambancinsu yana da yawa. Uku ne suka fi shahara ga masu tafiyar kwanaki a ƙafa: tsohuwar Hanyar Inka wadda ke ƙarewa a Machu Picchu, shahararren kufan garin Inka da ke saman tsauni, da hanyar Salkantay wadda ita ma can take kaiwa amma ta wata fuska, da kuma hanyar Choquequirao wadda ke kai mutum wani kufai dabam a saman kwazazzabon kogin Apurímac. Ma'aunin da za a auna su da shi a nan guda ne, wato yawan kufai da tarihin da matafiyi zai samu a madadin wahalar da zai sha da kuɗin da zai kashe. Wanda kyan tsaunuka kaɗai ya kai shi, lissafinsa dabam ne, kuma za a taɓo shi a inda ya dace.

Kafin a shiga hanyoyin, ya kamata a san ko su wa suka gina su. Inka sun fara ne a matsayin ƙaramar masarauta a kwarin Kusko, sai a zamanin sarki Pachacuti, wanda aka fi cewa ya hau mulki a 1438, suka shiga faɗaɗa ƙasa da yaƙi da sulhu, har daular da suke kira Tawantinsuyu ta miƙe daga kudancin Kolombiya ta yau zuwa tsakiyar ƙasar Chile. Ba su da doki, ba su amfani da keke ko amalanke, ba su kuma da rubutu irin namu sai igiyoyi masu ƙulli da ake kira kipu, waɗanda suke ajiye lissafi da su. Abin da ya riƙe wannan ƙasa mai faɗi shi ne hanya. Sun shimfiɗa hanyoyin da tsawonsu ya haura kilomita 30,000, suka gina zango-zango a kansu inda ake ajiye abinci da tufafi, suka kuma sa 'yan aike masu gudu waɗanda ke miƙa wa juna saƙo daga wannan tasha zuwa waccan. Hukumar UNESCO ta sanya wannan tsarin hanyoyi, mai suna Qhapaq Ñan, cikin kayan tarihin duniya a 2014, bisa buƙatar ƙasashe shida da ya ratsa. Daular ba ta cika shekara ɗari da bunƙasa ba Sifaniyawa suka iso: Francisco Pizarro ya kama sarki Atahualpa a Cajamarca a watan Nuwamba na 1532, aka kashe shi a shekarar da ta biyo. Kusan duk kufan da za a ambata a ƙasa an gina su ne a cikin wannan ɗan taƙin lokaci.

Tsohuwar Hanyar Inka tafiya ce ta kwana huɗu, tsawonta kimanin kilomita 43, kuma tana farawa a wurin da ake kira Kilomita 82 a kan layin dogon da ya bi gefen kogin Urubamba, gaba kaɗan da garin Ollantaytambo. Ranar farko ba ta da wuya sosai. Ana haye kogin, a bi gefensa, sai a ɓullo kan wani tudu inda ake hango Patallacta a ƙasa, wani babban gari mai gonaki hawa-hawa da aka gina a mahaɗar rafin Cusichaca da Urubamba, wanda ake kyautata zaton yana cikin wuraren da ke noma abincin da ake kai wa Machu Picchu. Yawancin ayari daga sama suke kallonsa su wuce, su kwana a wajajen ƙauyen Wayllabamba.

Rana ta biyu ita ce ke tsorata mutane, kuma ba a banza ba. Daga Wayllabamba, wanda ke kusan mita 3,000 sama da teku, ana hawa ba sassauci har mashigin Warmiwañusca mai tsayin mita 4,215, sannan a gangara kwarin Pacaymayo a kwana. Babu wani kufai na a zo a gani a wannan rana, sai hawa da haki da sanyi. Mai neman tarihi ya ɗauke ta a matsayin kuɗin shiga, domin abin da ya zo nema yana rana ta uku.

A wannan rana ta uku ne hanyar ke nuna abin da ya sa ba ta da tamka. Da sassafe ana isa Runkurakay, wani ƙaramin gini mai siffar da'ira da ke kallon kwarin da aka kwana, wanda masana suka fi ɗauka zango ne ko wurin tsaro. Bayan an ƙetare mashigi na biyu, mai tsayin kusan mita 3,950, sai a gangaro Sayacmarca, gari ne da aka ɗora a kan hancin dutse, rami ya kewaye shi ta fuska uku, ba a shigarsa sai ta wata ƙunƙuntar matattakala da aka manna a jikin dutsen. Duk da haka magina sun jawo masa ruwa ta magudanar dutse daga tsaunin da ke bayansa, kuma har yau ana ganin inda ruwan ke bi ya shiga ɗakuna. Daga nan yanayi ya kan sauya, ciyawar saman tsauni ta ba da wuri ga daji mai hazo da danshi, hanyar kuma ta koma shimfiɗar dutse wadda galibinta aikin Inka ne na asali. A wasu wuraren an gina bango daga ƙasan rami domin ya tallafi hanyar a gefen gangare, a wani wurin kuma magina sun faɗaɗa tsagar dutse suka mai da ita rami mai matakala a ciki, wanda mutum ke shiga ta nan ya fita ta can. Sai Phuyupatamarca, wanda gajimare ke yawan rufewa, mai jerin wuraren wanka na dutse da ruwa ke zubowa daga ɗaya zuwa ɗaya. Daga nan ana gangara matakalar dutse masu yawan gaske, saukar da ta kai kusan mita dubu, wadda ke gwada gwiwar mutum fiye da hawan jiya, har a iso Wiñay Wayna.

A ganina Wiñay Wayna kaɗai ta isa hujjar bin wannan hanya. Gidaje ne rukuni biyu, na sama da na ƙasa, a tsakiyar gonaki hawa-hawa da suka lanƙwashe suka bi siffar tsaunin, doguwar matattakala ta haɗa su, a gefenta kuma maɓuɓɓugan ruwa a jere, kogin Urubamba yana can ƙasa da nisa. Ayarin masu bincike na Paul Fejos ne ya share wurare da dama na wannan hanya a 1940 da 1941, masanin tarihin Peru Julio C. Tello kuma ya yi aiki a Wiñay Wayna a 1942, shi ne ya raɗa mata sunan wani fure da ke tsiro a wurin. Abin lura shi ne yadda wuraren wanka ke ƙaruwa, ginin kuma ke ƙara kyau, gwargwadon yadda ake kusantar Machu Picchu. Wannan ne ya sa masana da dama suke ganin ba hanyar fatauci ba ce, domin mai son saurin isa zai bi gefen kogi ne kamar yadda jirgin ƙasa ke yi a yau. Sun fi karkata ga cewa hanya ce ta ibada da sarauta, wadda aka tsara domin mai binta ya yi ta tsarkake jikinsa yana girmama tsaunuka kafin ya isa. Takardun Sifaniyawa na ƙarni na 16 da masani John Rowe ya yi nazari a kansu sun nuna cewa yankin Machu Picchu gandun sarki Pachacuti ne, an kuma fi sanya gininsa a wajajen 1450. Wanda ya bi hanyar daga farko zuwa ƙarshe ya kan fahimci wurin a matsayin ƙarshen wani dogon tsari, abin da mai zuwa a jirgin ƙasa ba ya samu.

Rana ta huɗu ana tashi tun kafin asuba, musamman domin 'yan dako su kwashe tantuna su gangara su tarar da jirgin ƙasan da ke mai da su gida. Ana jira a shingen bincike har a buɗe shi da misalin ƙarfe biyar da rabi, sannan a yi tafiyar awa ɗaya zuwa biyu a isa Inti Punku, ƙofar da ake hango Machu Picchu daga sama. Kamfanoni kan yi alkawarin ganin fitowar rana a wannan ƙofa, amma kada mutum ya dogara da hakan, domin sau da yawa gari ya riga ya waye kafin a isa, wani lokacin kuma hazo ne zai tare komai sai can da hantsi.

Sharuɗɗan wannan hanya su ne babban cikas ɗinta. Gwamnatin Peru ba ta barin fiye da mutum 500 su shiga a rana, kuma a cikin wannan adadi har da 'yan dako da masu dafa abinci da 'yan jagora, saboda haka masu yawon kansu ba su wuce kusan 200 ba. Tun farkon shekarun 2000 aka hana mutum ya bi ta shi kaɗai, dole sai ta hannun kamfani mai lasisi. Takardar izini tana ɗauke da suna da lambar fasfo, ba a sauya ta zuwa sunan wani, kuma ta watannin Mayu zuwa Agusta ta kan ƙare watanni kafin lokacin. Ana rufe hanyar gaba ɗaya a watan Fabrairu domin gyara. Ba a shiga da alfadari ko doki saboda kada kofato ya lalata shimfiɗar dutsen, don haka komai a bayan mutane ake ɗauka, tun daga tanti har tukunyar gas. Waɗannan 'yan dako yawancinsu manoma ne masu magana da harshen Kechuwa daga ƙauyukan yankin, doka ta ƙayyade nauyin kayansu zuwa kimanin kilo 20, kuma akwai ma'auni a shingen shiga. Idan kamfani ya yi arha fiye da kima, sau da yawa daga aljihun waɗannan mutane aka zabge ragin, kuma yana da kyau mai biya ya tambayi yadda ake ciyar da su da inda suke kwana.

Akwai gajeriyar sigar hanyar ga wanda ba shi da ƙarfin kwana huɗu. Ana sauka daga jirgin ƙasa a Kilomita 104, a ga kufan Chachabamba a bakin kogi, a haura zuwa Wiñay Wayna, a shiga ta Inti Punku a yini guda, tafiyar kusan kilomita 12. An rasa Sayacmarca da Phuyupatamarca, amma an tsira daga mashigin mita 4,215, kuma ita ma tana buƙatar izini.

Hanyar Salkantay ta shahara ne saboda waɗanda suka rasa izinin Hanyar Inka, kuma a matsayinta na tafiyar tsauni ba ta da abin kushewa. Kwana huɗu ne ko biyar, tsawonta tsakanin kilomita 60 da 75 gwargwadon inda aka fara, yawanci daga Mollepata ko Soraypampa. Ana ziyartar tafkin Humantay mai ruwa shuɗi-kore, a ƙetare mashigi mai tsayin kusan mita 4,600 a gindin tsaunin Salkantay, wanda kansa ya kai mita 6,271, sannan a yi ta gangara har a shiga ƙasa mai zafi inda ake noman kofi da ayaba. Ba ta da ƙayyadadden adadin masu shiga, alfadarai ke ɗaukar kaya, ta kuma fi sauƙin kuɗi. Sai dai mai neman kufai zai yi kwana uku bai ga ginin Inka ko ɗaya na kirki ba. Tarihin da ke cikinta na imani ne: mutanen Andis suna ɗaukar manyan tsaunuka a matsayin iyayengiji da suke kira apu, Salkantay yana cikin mafiya girma a wurinsu, yana kuma kudu sak da Machu Picchu, abin da masani Johan Reinhard ya nuna yana da nasaba da zaɓen wurin da aka gina garin. A mashigin za a ga tarin duwatsun da matafiya ke ɗorawa bisa tsohuwar al'ada.

Kufai ɗaya tak ke kan wannan hanya, shi ne Llactapata, kuma ba kowane kamfani ke bi ta wurin ba. Wasu kan ɗauki mutane a mota daga wajajen Santa Teresa zuwa tashar wutar lantarki ta ruwa, su tsallake shi ɗungum. Wanda ya zaɓi Salkantay alhali yana son tarihi, to ya tabbata an rubuta Llactapata a cikin tsarin tafiyar kafin ya biya. Hawan da ake yi daga Lucmabamba yana bin wani yanki na tsohuwar hanyar Inka, a samansa kuma akwai gine-ginen da Ba'amurke mai bincike Hiram Bingham ya ba da labarinsu a 1912, waɗanda Hugh Thomson da Gary Ziegler suka sake bincikawa a 2003 suka gano sun fi yadda aka zata faɗi. Daga nan ana hango Machu Picchu a tsallaken kwarin Aobamba, ta fuskar da mafi yawan maziyarta ba su taɓa gani ba. A kula, domin a wasu taswirori ana kiran Patallacta ta ranar farkon Hanyar Inka da wannan suna, alhali wurare ne biyu masu nisa da juna. Ƙarshen Salkantay kuma ba ta Inti Punku ba ne: ana bin gefen layin dogo zuwa garin Aguas Calientes, a kwana a masauki, da safe a shiga Machu Picchu ta babbar ƙofa tare da kowa.

Choquequirao wani al'amari ne dabam. Ba a jera kufai a kan hanyarta ba, wuri ɗaya ne babba, kuma sai an sha wuya kafin a gan shi. Daga Kusko ana tafiyar kusan awa huɗu a mota ta hanyar Abancay zuwa ƙauyen Cachora, daga nan zuwa Capuliyoc, inda titi ya ƙare a bakin kwazazzabon Apurímac a tsayin kusan mita 2,900. Idan gari ya yi sarari ana iya hango kufan a tsallake, kusan daidai da inda mutum ke tsaye, sai dai tsakaninsu akwai rami mai zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi. Dole a gangara har gadar da ke kan kogin a tsayin kusan mita 1,500, a sake haurawa ta Santa Rosa da Marampata zuwa kufan da ke kusan mita 3,050, sannan a dawowa a maimaita duka. Ƙasan kwarin yana da zafi ƙwarai, inuwa ba ta da yawa, ga wasu ƙananan ƙudaje masu cizo da ke addabar mutane a bakin kogi, shi ya sa masu alfadarai ke matsa wa matafiya a fara hawa tun da duhu. Ba a kai tsayin Warmiwañusca ba, saboda haka ƙarancin iska bai cika damu ba, amma ta fuskar ƙafa da gwiwa ita ce mafi tsanani cikin ukun. Kwana huɗu ne ko biyar, kuma wanda ya zaɓi huɗu ya kan ƙare da rabin yini kawai a cikin kufan, abin da bai dace da irin wahalar da aka sha ba.

An fi danganta ginin Choquequirao da zamanin Tupac Yupanqui, ɗan Pachacuti, a ƙarshen ƙarni na 15. Akwai babban dandali da dogayen zauruka a gefensa, da gidaje masu hawa biyu, da rumbuna, da magudanar ruwa da ta ratso daga sashen sama, da kuma wani tudu da aka sare kansa aka daidaita shi aka kewaye da gajeren bango domin bukukuwan ibada, inda ake ganin kwarin ta kowace fuska. Dutsen wurin ba irin na Machu Picchu ba ne, yana farfashewa fale-fale, saboda haka ba za a ga irin haɗin nan da ko wuƙa ba ta shiga tsakanin duwatsu ba, an gina shi ne da laka aka yi masa yaɓe. Wanda ya zo neman gwanintar sassaƙa zai ga ya gaza. Amma yana da abin da babu a sauran wuraren: a bayan tsaunin, a kan wasu gonaki hawa-hawa masu tsananin gangara, magina sun jera fararen duwatsu a cikin bango suka fitar da siffofin lama, dabbar dakon Andis, fiye da ashirin. An gano su ne a 2004 lokacin da ake sare daji, kuma wasu masana na ganin salon ya yi kama da na mutanen Chachapoyas na arewacin Peru, waɗanda Inka suka ci da yaƙi suka kwaso wasunsu aiki. Matattakalar da ake bi a sauka wurinsu tana da tsayi da santsi, kuma sai an je wani dandamali a gefe kafin a gan su duka a jere kamar ayari mai hawa tudu. Har yanzu mafi yawan garin yana ƙarƙashin daji, abin da aka share bai kai rabi ba.

Tarihin wurin yana haɗe da ƙarshen daular. Bayan sarki Manco Inca ya yi wa Sifaniyawa tawaye a 1536 ya kewaye Kusko, ya kuma fatattaki rundunar Hernando Pizarro a Ollantaytambo, sai ya ja da baya zuwa tsaunukan Vilcabamba, inda zuriyarsa ta riƙe ƙaramar masarauta har 1572, shekarar da aka kama sarkinta na ƙarshe, Tupac Amaru, aka fille masa kai a dandalin Kusko bisa umarnin wakilin sarkin Sifen, Francisco de Toledo. Choquequirao tana bakin wannan yanki, kuma matafiyan ƙarni na 19, irin su Bafaranshe Eugène de Sartiges da ya isa wurin a 1834, sun ɗauka ita ce mafakar ƙarshe ta sarakunan Inka, abin da ya jawo masu haƙar dukiya suka yi ta tone-tone. A 1909 aka kai Hiram Bingham wurin, bai gamsu da wannan zance ba, kuma neman ainihin birnin ne ya dawo da shi a 1911, har wani manomi mai suna Melchor Arteaga ya haura da shi Machu Picchu a ranar 24 ga Yuli. Abin mamaki, a wannan shekarar ma ya taka Espíritu Pampa, wurin da binciken Gene Savoy na 1964 da na waɗanda suka biyo baya ya tabbatar shi ne Vilcabamba ta gaskiya, amma ya raina shi, ya tafi a kan cewa Machu Picchu ce.

Babbar ribar Choquequirao ita ce rashin cunkoso. Machu Picchu na karɓar dubban mutane a kowace rana, tikitinta na da sa'ar shiga da zagayen da aka ƙayyade wanda ba a komawa baya a cikinsa. A Choquequirao kuwa mutum na iya yini yana yawo bai haɗu da fiye da 'yan tsiraru ba, ya zauna inda ya ga dama, ya koma inda ya riga ya wuce. Ba a buƙatar izini tun da wuri, kuɗin shiga kawai ake biya, ana kuma iya ɗaukar mai alfadari a Cachora ba tare da kamfani ba. An daɗe ana zancen kafa motar igiya da za ta tsallaka kwarin cikin mintuna, in kuwa aka yi ta, wannan riba za ta kau. Masu ƙarfi da lokaci kan zarce daga nan ta Pinchaunuyoc da Maizal da Yanama har Machu Picchu, tafiyar kwana takwas ko tara mai mashigai biyu da suka haura mita 4,000, amma wannan ba ta wanda bai saba ba ce.

Maganar tsayi ta shafi duka ukun, kuma mu da muka tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ya kamata mu ɗauke ta da muhimmanci. Machu Picchu tana kan mita 2,430, kusan daidai da ƙololuwar Chappal Waddi a jihar Taraba, tsauni mafi tsayi a Najeriya, kuma ita ce ɗaya daga cikin wurare mafiya ƙasa a duk Hanyar Inka. Kusko kanta tana kan mita 3,400. Ciwon kai da jiri da rashin barci da mutanen wurin ke kira soroche ba ya duba ƙarfin mutum ko ƙuruciyarsa, kuma maganinsa na farko shi ne a yi kwana biyu ko uku a Kusko ko a kwarin Urubamba kafin a fara. Salkantay ce ta fi haɗari ta wannan fuska, domin a rana ta biyu take kai mutum mita 4,600. Za a yi ta miƙo shayin ganyen koka, wanda halal ne a dokar Peru, amma kada a kuskura a sako ganyen cikin jaka a fito da shi, domin laifi ne a mafi yawan ƙasashe. Musulmi kuma ya sanar da mai dafa abinci tun kafin a tashi, saboda naman alade na yawan shiga girkin ƙasar, kuma kifi da dankali da masara da ƙwai suna nan a wadace. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Mayu zuwa Satumba, ko da yake dare na yin sanyi ƙwarai a Yuni da Yuli. Damina kan yi ƙarfi daga Disamba zuwa Maris, kuma zaftarewar ƙasa ta fi barazana a gangaren Apurímac da ƙasan Salkantay.

Idan aka haɗa wannan duka, wanda zai je Peru sau ɗaya a rayuwarsa kuma tarihi ne ya kai shi, to tsohuwar Hanyar Inka ce tasa, ko da ta fi tsada, ko da kuma sai ya sauya watan tafiyarsa domin ya samu izini. Babu wata hanya da ke jera masa zango da gari da wurin ibada da gona a kan shimfiɗar da masu ginin suka taka, ta kuma shigar da shi ta ƙofar da suka tsara. Wanda gwiwarsa ko shekarunsa ba za su ɗauki kwana huɗu ba, gajeriyar sigar daga Kilomita 104 ta fi masa Salkantay nesa ba kusa ba, domin Wiñay Wayna tana ciki. Choquequirao ta dace da wanda ya riga ya ga Machu Picchu, ko wanda ke da ƙarfin jiki kuma cunkoso ke ɓata masa rai, da sharaɗin ya ware kwana biyar domin ya samu cikakken yini a cikin kufan, ya sauka har wurin lamomin. Salkantay kuwa ta mai son tsauni da ƙanƙara ce, ko wanda ya yanke shawara a makare, kuma shi ma idan ya ƙara kwana ɗaya a Ollantaytambo, inda titunan Inka da magudanan ruwansu ke aiki har yau a ƙarƙashin gonakin da Manco Inca ya tsaya ya yi yaƙi, zai cike kaso mai yawa na abin da hanyar ba ta ba shi ba. Tikitin shiga Machu Picchu dabam yake da kuɗin Salkantay a wasu kamfanonin, shi ma yana ƙarewa a watannin rani, saboda haka a tabbatar an saye shi tare da na jirgin ƙasan komawa kafin a bar Kusko.